Ba a Yabon Gona a Gabanta

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Hannuna ya fi sabawa da fartanya a kan biro. Rubutun ma a sansanin gudun hijira na koye shi, da goyo a bayana, malamin kuma yaro ne da na taɓa yi wa wanka. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙar da shi da kansa. Na fara ne don magana ta cika mini ciki, gidan nan kuma kowa sanɗa yake yi.

An kai Tsoho Dahlberg, mai gonar da muke haya, gidan kula da tsofaffi. Jiya 'yarsa Karin ta zo gona da farin takalmi, ta tsaya a bakin kunyar albasa ta ce dole ta sayar, jinyarsa na cin kuɗi. Ba muguwa ba ce. Na san ta tun tana satar mini tumatir tana ɓoyewa a riga. Mu ta fara faɗa wa. Ta ba mu zuwa ƙarshen Oktoba mu kawo takardar mai ba da rance, in ba haka ba akwai mai jira.

Eka goma ce. Shekara ashirin da wani abu muna kanta. Duk sanda ƙanƙara ta narke, marigayi maigidana Wa Leng yakan sa rigarsa ta fita, ya kai wa tsohon kuɗin haya da dafaffiyar kaza, su yi musabaha a ƙofar rumbu, shi ke nan an gama. Da ya rasu ɗanmu Chong Neng ya ɗauka. Turancin Wa Leng bai wuce na gaisuwa ba, tsohon kuma ko sunan ruwa bai sani ba da yarenmu na Hmong. Ba su taɓa faɗa ba. Ina jin shi ya sa.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Chong Neng ya zaga bankuna ya dawo, ya zauna a ƙofa ko takalmi bai cire ba. Nia yake ce mini, wato Inna da yarenmu.

"Nia, sun ce me muke nomawa."

"Ka ce musu abinci."

"Na fara jerowa. Dogon wake, barkono, gauta, kabeji, kokwamba, tafarnuwa. Ina kan garahuni matar ta ɗaga mini hannu, wai gurbin da ke takardarsu layi ɗaya ne. Masara ko waken suya?"

"Ita masara kaɗai take ci a gidanta?"

Sun nemi rasit na ciniki. Na ce ya kai musu jakar da nake ɗaurawa a ƙugu ranar kasuwa, ita ce akawunmu, ba ta taɓa cin kwabo ba. Sun nemi abin jingina, ya ce akwai motar kaya. Motar da sai an lallashe ta take tashi.

Saura wuri ɗaya, ofishin da ke ba ƙananan manoma rance. Su sun ce za su turo mutum ya ga gonar da idonsa ranar Talata. Wannan kam na ji daɗinsa. Bana waken ya yi... to, bana dai mun shuka wake.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Ya zo. Ya tafi. Na ba shi kokwamba.

Laraba, 17 ga Satumba, da safe

Chong Neng ya fita bai taɓa shinkafarsa ba. Ni ban yi laifin komai ba.

Laraba, da rana tsaka

Ban yi laifi ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

Tunda jikata Gaonou ta faɗa wa ubanta, bari ni ma in faɗa wa takarda, ita dai ba ta harara.

Ranar Talata Chong Neng ya kai kaya birni, cunkoso ya riƙe shi, mutumin ofishin kuma ya zo da wuri. Daga ni sai Gaonou, da ta ɗauki hutu don ta yi mana tafinta. Sunansa Mista Rusten, dogo ne kamar sandar wake. Ya shiga har tsakiyar gonar, ya juya hagu, ya juya dama, ya buɗe baki ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Da ƙarfi ya faɗa, yana tsaye a kanta. Sai kuma ya juyo gare ni, wai yaya take bayarwa, ana samu?

Me zan ce? Na ce: "Ɗana, gonar banza ce. Duwatsu ne da tsutsa. Abin da ake samu bai kai a faɗa ba, bana ma ta fi kowace shekara lalacewa. Tausayinta kawai muke ji."

Gaonou ta kalle ni. Na ƙara murya don a ji da kyau. Ta juya masa da Turanci. Ya rubuta wani abu a allonsa.

Duk wanda aka haifa a kan duwatsun ƙasarmu Laos ya san ba a yabon gona a gabanta, kamar yadda ba a yabon jariri. Iskoki na yawo, kunnensu ya fi na matar maƙwabci. Da sun ji an ce abu ya yi kyau sai su zo gani, kuma ba sa tafiya hannu biyu. Wata ƙanwar kakata ta taɓa shafa kabewarta ta ce, ke kam kin cika. Da gari ya waye babu kabewa, sai sawunta da ya gangara rafi.

Jiya na tuna wa Gaonou wannan labarin, ita da take ce mini Po, wato Kaka, sai ta ce, "Po, bara cewa kika yi aladu ne suka cinye ta."

"To aladun wa ya kira su?"

"Rance muke nema, Po. Kin gaya wa mai kuɗi cewa gonar ba ta haihuwa."

"Ke kuma wa ya aike ki ki juya duka? Ba ki iya ragewa a hanya ba?"

"Aikina ke nan a asibiti. Na yi rantsuwa, abin da aka faɗa shi zan faɗa."

"Ni majinyaciya ce?"

"Kin kusa."

Yarinyar da ranar da aka haife ta na zaga ɗaki ina cewa ta yi kama da kwaɗo. Ga ta nan yau har ta fi ƙofa tsawo, ko godiya babu.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan an tashi kasuwa

Labari ya riga ni zuwa kasuwar birnin Saint Paul. Ban gama jera kaya ba matar Za Teng ta leƙo daga rumfarta.

"Matar Wa Leng, an ce gonarki duwatsu ce. Wannan kabejin a dutse ya tsiro?"

"A kanki ya tsiro, shi ya sa ya yi tauri."

"A ba ni tsutsa ta dala biyu."

"Ki duba cikin latas ɗinki, kyauta ce."

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Da masu saye suka ragu ta zo ta zauna a kan kwandona, ta miƙo mini shinkafa mai danƙo a leda, ta rage murya.

"A tsakiyar gonar ya tambaye ki?"

"Yana tsaye a kan kunya."

"Ba shi da uwa ne? Ko ni ce haka zan ce."

Na kusa kuka a gaban gauta. Ta ce mu je wa dattawan dangi, ai ba a rasa na tarawa.

Talata, 23 ga Satumba, da yamma

Chong Neng ya je wa dattawa. Sun saurare shi da kyau, sun ba shi abinci. Suka ce asusun dangi na mamata ne, haka aka kafa shi, kuma jana'izar watan jiya ta ci shanu ta ci asusun. In aka buɗe shi don gona yau, gobe wani zai zo da maganar mota.

Ba ƙarya suka yi ba. Mu mutane ne da in ka faɗi za a taru kafin ka yi sanyi, in kana tsaye kuwa sai a ce ka yi haƙuri.

Muna cin abinci na ce masa, "Ga hanya mai sauƙi. In na miƙe ƙafa yau, kafin masu busa sarewar jana'iza su gaji an tara kuɗi a tire. Ka binne ni da araha, a yanka saniya ɗaya ta ishe ni, ni ba mai ci ba ce. Sauran ka kai kafin alƙalami."

Gaonou ta yi dariya ta hanci. Shi bai yi ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Nia, kar ki ƙara." Ya fita ya shiga motar kaya ya zauna, bai tayar da ita ba. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa ta taga. Furfura ta fito masa, yaushe?

Wasa nake yi. Yawanci wasa nake yi.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Ya ce ranar Litinin zan bi shi ofishin in janye maganata. In faɗi gaskiyar abin da gonar ke bayarwa, da bakina.

Na shiga banɗaki na rufe taga, na buɗe famfo, na gwada. Na kai "gonarmu tana da" sai harshena ya ƙi. Gaonou ta buga ƙofa, wai cikina ne? Na ce e, cikina ne.

Lahadi, 28 ga Satumba, da asuba

Idan na faɗa abu ya sami gonar, ni ce. Idan ban faɗa ba aka sayar, ni ce.

Litinin, 29 ga Satumba, da yamma

Na tambayi Chong Neng ta wace fuska gonar take daga ofishin, na zauna na ba ta baya. Tafiya ce mai nisa, ga gine-gine a tsakani, ga ƙarar motoci. Na riƙe zaren tsarin da ke wuyan hannuna, na rufe ido na faɗa. Ban ƙara gishiri ba, na dai ce tana ciyar da mu, ta aurar da 'ya'ya, ta sa Gaonou a makaranta. Gumi har tafin ƙafata.

Mista Rusten ya yi murmushi. Ya ce shi da ido ya je, ba da kunne ba, ya gane tun a wurin cewa irin maganar tsofaffi ce. Abin da ya rubuta a allonsa ranar kuwa sunan garahuni ne, yana so ya nema wa matarsa.

Sunan garahuni. Mako biyu ban san ɗanɗanon abinci ba.

Sai ya jawo kujera ya daina murmushin. Ya ce damuwar ba nan take ba. Dokar ofishinsu sai an nuna shaida a rubuce cewa mutum ya yi shekaru yana riƙe da gona, da abin da ya sayar. Ina takardar haya? Babu. Ina rasit na haya? Babu. Na kasuwa fa? Chong Neng ya ce hannu da hannu ne. Mutumin ya shafa kansa ya ce, shi ya yarda da mu, amma na sama da shi ba su ga waken ba, takarda za su gani. A samo wasiƙa daga mai gonar tukuna.

A mota Chong Neng ya ce, "Nia, ba ke ba ce. Ki yafe ni."

Na ce ya kalli hanya.

Na so a ce ni ce. Baki ana gyara shi.

Laraba, 1 ga Oktoba, da rana

A takarda, ashe ba mu taɓa taka wurin ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da yamma

Mun je wurin Tsoho Dahlberg. Na dafa kaza da ganyen magani na zuba a kwano mai murfi. Ɗakin na warin sabulu. An zaunar da shi a kujera mai taya ta fuskar taga, ya rame har agogonsa na yawo a hannu.

Bai gane ni ba. Ya kalli Chong Neng, ya sake kallonsa, can fuskarsa ta washe. Ya ce, "Leng." Sunan uban ya kira.

Gaonou ta durƙusa ta yi masa bayanin wasiƙar a hankali, ta sake yi. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan kwanon. Sai ya ɗago hannunsa na dama, ya miƙa wa Chong Neng. Ya yi wata 'yar magana.

Na ce, "Me ya ce?"

Gaonou ba ta kalle ni ba. "Ya ce, bana ma kamar kullum."

Chong Neng ya karɓi hannun da hannu biyu. Sun daɗe a haka. Mai jinyar ta ja Gaonou gefe ta ce sa hannunsa ba ya aiki yanzu a wurin hukuma, sai na 'yarsa.

Ya ci cinya ɗaya. Ni na ɓare masa.

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

Karin ta rubuta wasiƙar tun ranar Juma'a, har ta sa cewa ta san mu tun tana yarinya. Ba ta sa maganar tumatir ba.

Yau Mista Rusten ya bugo. Wasiƙar ta taimaka, in ji shi, amma maganar ciniki na nan. Mu fara ajiye rasit daga yanzu, bayan 'yan shekaru mu dawo da ƙarfinmu. Ko da ma an karɓa yau, amsa ba za ta fito ba sai an shiga sabuwar shekara. Ya ce akwai ƙaramin rance na iri da taki, wannan zai iya yi mana da wuri.

Iri. In shuka a ina, a kaina?

Ya ce wai a gaishe ni. Mutumin kirki ne. Duk mutanen kirki ne, Karin, dattawa, shi. Na rasa wanda zan zaga.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da asuba

Sanyin da ke ƙona ganye ya sauka. Jiya da yamma muka kwashe zannuwan gado na gidan duka muka lulluɓe barkono. Gonar ta zama kamar ɗakin asibiti. Abin da zane bai kai ba ya yi baƙi.

Kowace shekara haka yake zuwa a wannan lokacin. Na sani. Amma dai na yi magana ranar Litinin ɗin can.

Talata, 14 ga Oktoba

Na sa gishiri sau biyu. An cinye, ba wanda ya tanka.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan kasuwa

Yau matar Za Teng ba ta tsokane ni ba. Ta ce mini sannu da zuwa. Abin har ya kai nan.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Chong Neng ya kira Karin a waya da kansa ya ce kar ta jira ƙarshen wata, ba abin da zai zo. Ina jin kukanta daga inda nake zaune, shi ne ma yake ba ta haƙuri.

Mai jiran nan manomin ciyawa ne. Irin ta ƙofar gidan masu kuɗi, wadda ba a ci, ba a ba dabba. In ta yi kore sai a feɗe ta da ƙasar da ke jikinta, a naɗe kamar tabarma a loda a mota. Shi banki ya san shi. Abu ɗaya yake nomawa, ya shiga layin.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Mun je kwashe namu. Chong Neng na tuge sandunan wake, ni ina haƙe ganyayen magani ina sa wa a bokiti, ban san inda zan kai su ba. Sai ga mai ciyawar a babbar mota. Matashi ne, ya cire hula ya gaishe ni. Ya tako har inda nake, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza. Ya tambayi Gaonou, wai tsohuwa ta fi kowa sanin wurin nan, yaya ƙasar take?

Wani abu ya taso mini, mai daɗi, mai mugunta. Na miƙe na karkaɗe zanena.

Gaonou ta ce, "Po, a tsakiyar gona muke."

"Na ga inda muke. Ki gaya masa."

Na ɗaga murya yadda na kan tudu zai ji. Na ce ƙasa ce da babu irinta a duk jihar nan. Baƙa ce, mai laushi, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Na ce ku zo ku gani, ku zo duka, ga abu mai kyau an bari a fili ba mai tsaro. Chong Neng ya saki sandar da ke hannunsa. Mai ciyawa sai washe baki yake yana godiya.

A nan na yi niyyar tsayawa. Bakin ne ya ƙi. Na ce ba ta taɓa mayar da mu gida hannu biyu ba, ko shekarar da ruwa ya ɗauke. Na ce mun zo mata ba mu da harshe, ba mu da takalmin sanyi, ba ta tambaye mu takarda ba. Na ce shekarar da Wa Leng ya tafi ban iya yi mata komai ba, na bar ta da ciyayi, ta ba ni kabewa da kanta. Na ce ke kyakkyawa ce, tun ranar farko na gani, na yi shiru ne kawai.

Ban san lokacin da Gaonou ta daina juyawa ba. Mutumin ya mayar da hularsa, ya koma motarsa a hankali.

Muka loda bokitan. Motar ta tashi bugu ɗaya, yau da ba a buƙata. Mun kai bakin kwalta ke nan tsoro ya kama ni, irin na wanda ya bar jariri a waje. Na ce Chong Neng ya tsaya. Na sauke gilashi na fitar da kaina.

Na zage ta tas. Na ce mummuna, mai duwatsu, mai tsutsa, ba abin da ke cikinki, duk abin da tsohuwar can ta faɗa ƙarya ne, ta ruɗe, ku wuce abinku. Na yi ta yi har muryata ta dushe.

Chong Neng ya ce, "Ya isa, Nia?"

Na ce ya ɗan ƙara jira. Ko a hannun wa take, ba na so a taɓa ta.